Shin mutane ne suka ƙago addini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a. Wani malaminmu ya ce tsoron tsawa da mutuwa ne ya sa ɗan Adam ya ƙago addini da alloli. Tun ranar abin yake damuna. Akwai gaskiya a ciki? Kuma ya halatta in rubuta haka a jarrabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya tabbatar da ke.

Cewa mutane suna ƙago abin bauta gaskiya ne, Alƙur'ani ma ya riga malaminku faɗa. A Suratun Najmi aya ta 23 Allah ya gaya wa mushirikai cewa gumakansu sunaye ne kawai da su da iyayensu suka raɗa. Kuskuren malaminku shi ne haɗa wahayi da ƙagen mutane a kwando ɗaya. Tauhidi ne farko. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa tsakanin Annabi Adamu da Annabi Nuhu ƙarni 10 ne, duk a kan gaskiya.

To daga ina ɓarakar ta shigo? Bukhari ya kawo bayanin Ibn Abbas a kan sunayen gumaka biyar da ke Suratu Nuhu aya ta 23: Waddu, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru. Asalinsu bayin Allah ne salihai. Da suka rasu, Shaiɗan ya raya wa mutanensu su kafa siffofinsu a wuraren da suke zama. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilmi ya gushe, na baya suka mayar da su abin bauta. Lata ma, gunkin Larabawa, asalinsa mutum ne mai dama wa mahajjata gari. Ki lura, ƙaunar mutanen kirki da ta wuce gona da iri ce ta buɗe ƙofar, kuma wallahi wannan yana ba ni tsoro fiye da maganar malaminku, domin ƙofar ba ta rufe ba har yau. Shi ya sa Manzon Allah (SAW) ya hana a zuzuta shi kamar yadda Nasara suka zuzuta Annabi Isa, ya ce a kira shi bawan Allah kuma Manzonsa.

Buƙatar bauta kuwa fiɗira ce da aka halicci mutum da ita. Abu Raja'il Uɗaridi, wanda ya rayu a jahiliyya kafin ya musulunta, ya ce a jahiliyya in sun sami dutsen da ya fi nasu kyau sai su yar da na farko, in sun rasa dutse su tara ƙasa, su tatsi tunkiya a kanta, su yi mata ɗawafi. Mai ƙishirwa ne ya rasa rijiya ya faɗa kwata. Batun tsoro kuma, Suratul Ankabut aya ta 65 ta nuna cewa in mushirikai suna cikin jirgin ruwa Allah kaɗai suke kira, sai sun tsira su koma shirka.

Hukunci: ƙudurce cewa Musulunci ko wahayin annabawa ƙagen mutum ne kafirci ne. Waswasin da kike ƙi ba laifi ba ne a kanki. Sahabbai sun kai irin kukan, Annabi (SAW) ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. A jarrabawa ya halatta ki kawo ra'ayin, amma ki jingina shi ga masu shi, ki rubuta "wane ya ce", kada ki faɗe shi da bakinki a matsayin gaskiya.

Wallahu a'alam.