Tambaya da Amsa: Wane Fenti Ya Dace da Bangon Banɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun kammala ginin gidanmu a Zariya, kuma makonni biyu ke nan da aka yi wa banɗaki filasta. Mai fenti ya ce mu shafa ragowar fentin ruwan da aka yi wa falo, magini kuma ya ce sai fentin mai. Kuɗinmu ba zai kai mu sa tayil har sama ba. Wanne za mu bi? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kafin a zo maganar irin fenti, ina roƙonki ki dakatar da aikin tukuna, domin filastar makonni biyu ba ta isa fenti ba. Siminti yana bukatar kimanin kwana 28 kafin ya nuna, kuma idan da damina ne, musamman a watan Agusta, yakan fi haka jinkirin bushewa. Idan aka rufe shi da fenti alhali da sauran danshi a cikinsa, ruwan zai nemi hanyar fita, sai ki ga fentin ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar kanwa yana tsattsafowa daga ƙasan bango. Fentin mai ya fi shan wahala a nan, saboda sinadarin sabon siminti yana cin mansa.

Gwajin gane ko bangon ya bushe yana da sauƙi. A liƙa farar leda a bangon, a toshe gefunanta huɗu da salatef, a bar ta kwana ɗaya. Idan aka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, to a ƙara haƙuri.

Bayan ya bushe, a fara shafa faraima, wato fentin share fage, wadda aka yi don sabon siminti, sannan a bi ta da fentin satin, wato mai ɗan sheƙi, shafi biyu, a zaɓi wanda aka rubuta a jikin bokitinsa cewa yana wankuwa kuma yana hana funfuna. Ragowar fentin falo ba zai yi ba, domin fuskarsa tana shan tururi, kuma da zarar an goga masa soso sai ya biyo hannu. Kada kuma ki yarda a yi sikirdin, wato shafen da ake yi wa bango don ya yi sumul kafin fenti, da garin POP a banɗaki, don yana jan ruwa. Ki sa ido wajen haɗin fentin ma, tun da wasu masu fenti sukan tsinka shi da ruwa fiye da abin da kamfani ya rubuta don ya yi auki.

Game da tayil, shawarata ita ce ki kashe ɗan abin da ke hannunki a bangon da ruwan wanka ke duka kai tsaye, daga ƙasa har ya wuce tsayin mutum, da kewayen famfo inda ake ajiye bokiti da buta, domin babu fentin da zai daɗe yana jure ruwa da sabulu kullum. Sauran bangon da silin sai a yi musu satin, a kuma riƙa barin taga a buɗe bayan wanka don tururi ya fita.