Amsoshin Tambayoyinku: Me Za A Saya Don Raunin Fata A Filin Wasa?

Tambaya: Ina horar da matasa ƙwallon ƙafa a wani filin unguwa a Gusau, fili ne mai tsakuwa. Kusan kullum sai wani ya kuje gwiwa ko cinya. Mun yi karo-karo za mu haɗa akwatin taimakon gaggawa, mai kemis ya lissafa mana sifirit, aidin, haidurojin, GV da auduga. Kuɗin ba zai isa duka ba. Wanne za mu fara ɗauka?

Amsa: Malam koci, a cikin biyar ɗin nan babu wanda za mu sa a gaba. Abin da ke lalata kujewa shi ne ƙasa da tsakuwar da suka maƙale a ciki, kuma ruwa ne ke fitar da su. Sifirit da haidurojin suna kashe ƙwayoyin cuta, amma suna ƙona sabon naman da zai rufe ciwon, sai warkewa ta yi jinkiri. Zafin da yaro ke ihu a kansa ba alamar magani na aiki ba ne. GV kuwa yana busar da ciwo, ya shafe shi da shuɗi, har ka kasa gane ko ya fara ruɓa. Auduga tana barin zare a ciki, ranar canji a sha wahala.

Ku fara da safar hannu ta roba, kwali guda. Sai ƙyallen asibiti mai raga-raga da ake kira goz, wanda aka rufe ɗai-ɗai a takarda, mai faɗin santimita 10. Ku haɗa da bandeji mai talewa biyu ko uku, filasta ta naɗi, almakashi, hantsaki, da sirinji mai cin mililita 20 wanda za a cire masa allura. Ku sayi ruwan gishirin asibiti, wanda aka rubuta 0.9% a jikinsa, da ƙaramar kwalbar Vaseline sabuwa wadda babu mai tsoma yatsa a ciki. In kuɗi ya yi saura, sai Betadine, wato wani nau'in aidin, don shafa wa fatar da ke kewaye da ciwon. Sifirit aikinsa goge hantsaki da almakashi. Kowane kaya a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

Ga yadda ake yi. Ka sa safar hannu. In jini na zuba, ka danne da goz minti 10 cur, ba ɗagawa don leƙe. In jini ya ratso, ka ɗora wani a kai, kada ka cire na ƙasa, domin cirewa na ɓalle gudan jinin da ya fara toshe wurin. Da ya tsaya sai wanki. Ka zuƙi ruwa a sirinji ka fesa da ƙarfi har sai ƙasa ta daina fitowa. Kujewar da ta kai tafin hannu tana iya shan rabin lita ko fiye. In babu ruwan asibiti, ledar fiya wata ta isa: ka huda ƙaramin rami a kusurwa ka matsa, ƙarfin feshin ya yi daidai. Tsakuwar da ta ƙi fita a cire ta da hantsaki, don in fata ta rufe a kanta tabon baƙi ne na dindindin. Daga nan a shafa Vaseline kaɗan, a ɗora goz, a naɗe da bandeji ba tamau ba. A canja kullum, ko duk lokacin da gumi ya jiƙa shi. In goz ya manne, a jiƙa shi da ruwa tukuna.

Za ka ji dattawa na cewa a bar ciwo ya sha iska. Tun 1962 wani masanin Birtaniya, George Winter, ya nuna cewa ciwon da aka rufe da ɗan danshi ya fi saurin rufewa a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Ga ɗan ƙwallo ma abin ya fi muni, don ɓawon gwiwa yana tsagewa duk sanda ya lanƙwasa ƙafa.

Abu ɗaya da za ku jefar ko da kyauta aka ba ku shi ne bokitin ruwa da soso ɗaya da ake goge wa kowa. Ana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B ta jinin wani. Dokar ƙwallo ma ta ce mai zubar da jini ya fita fili, ba zai dawo ba sai alƙalin wasa ya gamsu jinin ya tsaya kuma babu shi a kayansa, saboda haka riga ɗaya ta canji tana cikin sayayya.

Tambaya: Ɗana yana dambe, gira ta tsage masa. Na ga ana sayar da siraran filasta masu haɗe bakin ciwo. In saya in ajiye, mu huta da zuwa ɗinki?

Amsa: Hajiya, ki saya, amma ki san iyakarsu. Irin su Steri-Strip na ƙaramin yanka ne, miƙaƙƙe, marar zurfi, wanda bakinsa ke haɗuwa da an ɗan matsa. A wanke, a busar da fatar gefe sosai, a liƙa su a gicciye, a bar 'yar tazara tsakaninsu don ruwan ciwo ya sami hanya. Suna kwana biyar zuwa bakwai.

In ciwon ya wage baki, ko ana hango kitse rawaya a ciki, ko yana kan fatar ido, gefen leɓe ko gaɓa, ko jini bai tsaya ba bayan minti 10 na dannewa, to na asibiti ne, kuma a ranar. Ɗinki ya fi kyau cikin awa shida zuwa takwas na farko. In bugun ya zo da amai, jiri ko mantuwa, maganar ta wuce fata.

Wanda ya fi ba mu tsoro a wurin 'yan dambe shi ne ɗan ƙaramin yankan da haƙorin abokin karawa ke yi a gaɓar dunƙule. Ba ya kama ido, amma ƙwayoyin cutar baki kan shige har cikin gaɓar, kwana biyu hannu ya kumbura suntum. Wannan ba a rufe shi da filasta. A wanke sosai a kai wa likita, kusan kullum sai an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha. Don ciwo a ba shi farasitamol, ban da asfirin, yana ƙara zubar jini.

Tambaya: Ƙusa ta soke ni ta cikin takalmi a filin da ake kiwo. Wani ya ce in yi ATS, wani ya ce TT. Wacce zan biya?

Amsa: Ɗan'uwa, aikinsu ba ɗaya ba ne. TT, ko Td da ta maye gurbinta a wurare da yawa, rigakafi ce mai koya wa jiki kare kansa daga tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta ƙulle muƙamuƙi. ATS kariya ce ta aro mai ɗan gajeren lokaci, daga jinin doki ake haɗa ta, wasu jikinsu na ƙin ta har numfashi ya sarƙe, shi ya sa ba allurar da za a yi a shago ba ce. In ka kammala rigakafinka a baya, kuma ta ƙarshe ba ta kai shekara biyar ba, ba ka buƙatar ƙari. In ta wuce biyar, ciwon kuma mai datti ne irin naka, Td ɗaya ta isa. In ba ka taɓa yi ba ko ba ka tuna ba, ka je asibiti yau, su ne za su duba ko a haɗa maka biyun. Rigakafin a firiji yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ka yarda da wanda aka ɗauko daga kanta. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ba tsatsa ce ke haifar da ita ba, kuma rami mai zurfi marar iska ta fi so. Toka, man birki ko garin kafso da ake barbaɗawa ba sa kai wa gare ta.

Tambaya: Sabon but ya yi mini bororo a dunduniya, ga wasa ranar Asabar. In fasa?

Amsa: In ƙarami ne, bar shi, fatar saman ita ce rufinsa. In babba ne yana hana ka taka ƙasa, ka sayi sabuwar allurar sirinji, ka huda gefe, ka matse ruwan, ka bar fatar a wurinta. Filastar bororo irin Compeed tana zama kwanaki, sai dai gumi na ɓamɓare ta, don haka ka bi ta da filastar naɗi. Mai ciwon suga kada ya huda da kansa. Gaba in za ka sayi but, ka gwada da yamma sanye da safar wasa, ka bar kamar santimita ɗaya a gaban babban yatsa.

Tambaya: Yaya zan gane ciwo ya kamu, tunda a fatarmu ja ba ya nunawa?

Amsa: Ka taɓa da bayan hannu ka kwatanta da ɗaya ƙafar. Zafi, kumburi mai ƙaruwa, fata na sheƙi, mugunya, wari, ko zogin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, duk alamu ne. Ka zagaye bakin kumburin da biro. In gobe ya tsallake layin, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zazzaɓi ya shigo, a ajiye atisaye a tafi asibiti.