Amsa ga ƙanena mai son koyon aikin cututtukan barci

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama karatun jinya a Kaduna, kana son zuwa Ingila ka ƙware a cututtukan barci, amma abokanka na cewa gadin masu minshari za ka je yi. Kar ka biye musu.

A asibitin da nake aiki, da tambaya ake farawa. Akwai takardar Epworth mai tambayoyi 8: kana gyangyaɗi in kana karatu? In kana zaune a mota fa? Makin daga 0 ne zuwa 24, wanda ya haura 10 sai a zurfafa bincike. Mun fi so mutum ya zo da matarsa, don ita ke jin numfashinsa ya ɗauke cikin dare, can ya zabura kamar an shaƙe shi. Shi bai ma sani ba.

Da yawa ƙaramar na'ura ake ba su, su kwana da ita a gida. Waɗanda lamarinsu ya rikice su ke kwana wurinmu. Za mu manna wayoyi a fatar kai, gefen idanu, haɓa da ƙafafu, mu ɗaura ɗamara a ƙirji da ciki, siririn bututu a hanci, da ɗan maƙale a yatsa mai auna oksijin. Sai da safe ainihin aikin ke farawa. Za ka bi barcin nan sakan 30-30 a kwamfuta, kana ƙirga duk inda numfashi ya tsaya ko ya ragu na sakan 10 ko fiye. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya, da sauƙi. In ya kai 30, abin ya yi tsanani, ga haɗarin hawan jini da bugun jini a kwakwalwa. Yawanci sai a ba shi na'urar CPAP mai hura iska ta buɗe maƙogwaro.

Abin da ke ci mini rai shi ne direbobinmu na tashar Kawo. Mutum ya kwana numfashi na sarƙewa, da asuba ya ɗebi fasinja zuwa Kano, a ce gajiya ce kawai. Wallahi shi ya sa nake so ka koya.

Yanzu dai ka fara da jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, sannan rajista da NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya. Ka gaida Hajiya.