Sanyi ko Zafi, Wanne Ke Kashe Batirin Mota Mai Lantarki?

Jiya muna cikin rufe gareji ka tare ni da tambaya, na ce ka bari sai na natsu. Ka ce mai farar motar nan ya dawo yana faɗa, wai a da idan ya cika caji allo yana nuna masa kilomita 400, yanzu da sanyi ya shigo da ƙyar yake ganin 300. Kai a ganinka batirin ne ya soma mutuwa. Sannan ka tambaye ni, tsakanin sanyi da zafi wanne ya fi yi wa batir illa.

To ɗana, kada ka kuskura ka ce wa mutum batirinsa ya mutu don kawai lambar kan allo ta sauka. Lambar nan ƙiyasi ce. Kwamfutar motar tana duba yawan wutar da aka sha a tafiye-tafiyen baya-bayan nan, ta yi lissafi a kai. Batir kuwa shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Idan ka sa mutum ya canza lafiyayyen batir, ka cuce shi, ka kuma zubar mana da mutunci.

Ka tuna yadda baƙin mai yake da sassafe idan gari ya yi sanyi, ka karkata galan yana saukowa da ƙyar kamar ba ya so? Cikin kowace ƙwayar batir akwai ruwan sinadari, ta cikinsa litiyom, sinadarin da ke ɗauke da cajin, yake kai da komowa tsakanin ɓangarori biyu. Sanyi yana sa wannan kai da komowar ta yi nauyi. Wutar tana nan a ciki, fitar da ita ce take wuya. Da batirin ya ɗumama sai ta dawo.

Amma ba nan ne mafi yawan kilomitocin suke salwanta ba. Hita ce take shanye su. Injin fetur yana zubar da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin mansa a matsayin zafi, ta salansa da lagireto, don haka ɗumama cikin motar kyauta ne a wurinsa. Injin lantarki ba ya zafi haka, dole a ɗebo wuta daga batirin da ke juya tayoyi a ba hita. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motoci biyar. A sanyin digiri 7 ƙasa da sifili, hita a kashe, nisan tafiya ya ragu da kashi 12 cikin ɗari. Da aka kunna hita sai ragin ya kai kashi 41. Ka ga inda ɓarnar take. Shi ya sa kamfanoni suka koma ga famfon zafi, wanda esi ne aka juya aikinsa, yana jawo ɗumi daga iskar waje ya shigo da shi ciki da wuta kaɗan. Nissan ta sa shi a motarta Leaf tun 2013, Tesla ta fara da Model Y a 2020. Ka faɗa wa mai motar ya riƙa ɗumama ta tun tana jone da caji kafin ya fita, ya kuma fi dogara da hitar kujera idan akwai. Ka auna masa iskar taya, sanyi yana rage ta.

Wuri ɗaya ne sanyi yake barin tabo, shi ne wajen caji. Idan sanyin batir ya kai ƙasa da digiri sifili aka ɗura masa wuta da ƙarfi, litiyom ba ya samun shiga mazauninsa, sai ya daskare a bakin ƙofa ya zama ƙarfe. Wanda ya daskare haka yawancinsa ya tafi ke nan, wani lokaci ma ya tsiro kamar allura ya huda shamakin da ke raba ɓangarorin biyu. Saboda haka kwamfuta take rage gudun caji har sai batir ya yi ɗumi. Abin da ya faru ke nan a birnin Chicago na Amurka a watan Janairun 2024, lokacin da aka ga motoci sun yi cirko-cirko a tashoshin caji cikin tsananin sanyi. Haka kuma wani zai zo ya ce maka da safe idan ya ɗaga ƙafa daga totur motar ba ta riƙewa kamar yadda ta saba. Ba lalacewa ba ce. A motar lantarki ɗaga ƙafa yana sa injin ya rage gudun motar ya mayar wa batir wuta, batir mai sanyi ne ya ƙi karɓar wutar.

Yanzu ka buɗe kunne, don zafi shi ne wanda nake tsoro. A gwajin nan na AAA, a digiri 35 da esi a kunne, ragin kashi 17 ne kawai. Ƙanƙantar lambar ce take yaudarar mutane. Sanyi aro yake yi ya maido, zafi kuwa abin da ya ci ya ci. Akwai wani siririn ɓawo da ke fitowa a jikin ɓangaren batir na ciki, kullum yana ƙara kauri a hankali, yana riƙe litiyom da ba zai sake yin aiki ba. Zafi yana hanzarta shi, a ƙiyasi duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan lalacewar. Batir ya fi jin daɗi inda mutum yake jin daɗi, wajen digiri 20 zuwa 25. Mai mota ba zai ga komai yau ko gobe ba, sai bayan shekara biyu ko uku ya ga cajin da ke kai shi ya dawo da shi ya daina isa.

Nissan ta koyi wannan darasi a Arizona, wata jihar Amurka mai tsananin zafi. Leaf ta farko ba ta da ruwan sanyaya batir, iska kawai aka bar wa aikin. A 2012 masu motocin a yankin Phoenix suka fara kokawa cewa ƙarfin batirinsu yana zubewa tun motocin ba su tsufa ba, har sai da kamfanin ya sake haɗin sinadarin batirin. Yau mafi yawan motocin lantarki ruwa ne ke zagaya batirinsu.

Mafi muni shi ne a haɗa zafi da cikakken caji. Mota ta cika fal, a ajiye ta a rana kwana da kwanaki, ko a fito daga doguwar tafiya batir na huci a jona shi a caji mai sauri, a maimaita haka kullum. Ni nakan ce wa masu mota su tsaya a kashi 80 don zirga-zirgar yau da kullum, su nemi inuwa, su bar cikawa sai ranar tafiya. Batirin LFP, wato mai haɗin litiyom da ƙarfe da fosfet, ya fi jure zafi da cikakken caji, sai dai ya fi sauran kasala a sanyi, don haka ka fara sanin irin batirin da ke gabanka kafin ka ba da shawara.

Ga kuma inda hannunmu yake shiga. A yawancin motocin nan, gas ɗin esi ne yake sanyaya ruwan da ke zagaya batir idan zafi ya tsananta. Ma'ana, idan esi yana yoyo, ba direba kaɗai zai yi gumi ba, batir ma yana dahuwa a ƙarƙashinsa. Na taɓa karɓar wata mota da mai ita ya yi watanni yana tuƙi da gilasai a buɗe don ya ga gyaran esi ba na gaggawa ba ne. Da na leƙa gaban lagireto, ganye da ƙura sun toshe shi kamar an yaɓa laka, fanka tana ta kuka a banza, caji mai sauri kuma ya koma kamar na gida. Har yau ina jin zafin asarar da mutumin nan ya yi. Kuma kada ka zuba kowane ruwan lagireto da ka samu a kanta. Wasu motocin suna buƙatar na musamman wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa sosai, ka duba littafin motar.

Gobe idan farar motar ta zo, ka jona sikana ka karanto min lafiyar batir kashi nawa ce cikin ɗari, da zafinsa, da bambancin bolt tsakanin ƙwayar da ta fi ƙarfi da wadda ta fi rauni. Ka rubuta a takarda ka kawo min mu duba tare. Wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da bolt 400, wasu har 800. Kada hannunka ya kusance su sai ina tsaye a kanka, mun cire filogin katse wuta, ka kuma sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000.