Me ya sa ChatGPT ke maimaita dabara ɗaya?

'Yar'uwa, kin ce ChatGPT (manhajar hira mai amsa tambayoyi) na ta maimaita miki dabaru iri ɗaya na bidiyon girki a TikTok. Gyaran yana cikin tambayarki. Faɗa masa su wa ke kallonki, misali amare masu koyon miyar kuka, da cewa bidiyon daƙiƙa 60 ne, sannan ki liƙa masa tambayoyi 10 da masu kallo suka rubuto. Nemi dabaru 20, ki tsallake biyar na farko, galibi kowa ya riga ya yi su.

Amma in ya ba ki ma'aunin kayan miya, kada ki ɗauka sai kin gwada a tukunya. Zai iya cika miki kuka har miya ta daskare kamar tuwo, kuma da gadara zai faɗa, don jera kalmomi yake yi, bai taɓa ɗanɗana miya ba.