Fatawa: Kai iyali ganin Alkahira, Istanbul da Mada'in Salihu

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sana'ar atamfa da shadda. Na daɗe ina tara ɗan abin da Allah ya hore domin in kai iyalina ganin garuruwan tarihi idan yara sun samu dogon hutu. Nufina mu fara da Alkahira, mu wuce Istanbul, mu rufe da Umra, daga Madina mu leƙa Mada'in Salihu. Matana biyu ne, kuɗin kuwa mace ɗaya da yara uku zai ɗauka. Ni da uwargida mun sauke farali, amarya ba ta je ba tukuna. Yayana ya ce tafiyar haramun ce, wai ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku, kuma ba a shiga inda kayan Fir'auna suke. Mene ne hukunci, kuma za mu yi ƙasaru?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, tafiyarka halal ce a asalinta, kuma niyya tana iya ɗaga ta ta zama abin lada. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 11, a yi tafiya a bayan ƙasa sannan a duba yadda ƙarshen masu ƙaryatawa ya kasance. A Suratul Hajji, aya ta 46, ya yi tambaya: ashe ba su yi tafiya a ƙasa ba, har su samu zukatan da za su hankalta da su? Faranta wa iyali da halal ma kyautatawa ce da shari'a take so.

Hadisin da yayanka ya kawo ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi: ba a ɗaura sirdi sai zuwa Masallacin Harami da masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da Masallacin Ƙudus. Allah ya saka masa da kishin addini, sai dai ya ɗora hadisin a inda bai sauka ba. Maganar a kan tafiyar ibada take, wato mutum ya niƙi gari zuwa wani masallaci yana ganin salla a cikinsa ta fi lada. Shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi bakance zai je wani masallaci mai nisa, ban da ukun nan, ya yi salla, ake ce masa ya yi sallarsa a inda yake. Da hadisin ya haɗa kowace tafiya, da fataucinka zuwa Duwala ya haramta, da almajirin da ya bar Marwa neman karatu ya yi saɓo, kuma babu malamin da ya taɓa faɗin haka. Saboda haka ku shiga masallacin Amru ɗan Asi da Azhar a Alkahira, da Aya Sofiya a Istanbul, ku yi salla, ku kalli gini, amma kada a ƙudurce cewa sallar can tana da wani ninki na musamman.

Malamai sun yi saɓani tun da daɗewa a kan yin tafiya takanas domin ziyarar kabari. Kai wannan saɓani bai taɓa ka ba. Idan kana cikin Istanbul ka je kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, ko kana Alkahira ka shiga maƙabartar Ƙarafa inda Imamu Shafi'i da Ibnul Ƙasim almajirin Imamu Malik suke kwance, ka yi sallama, ka yi musu addu'a, roƙonka kuma ga Allah kaɗai, ɓangarorin biyu duk sun yarda da wannan.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne wanda ka ambata a taƙaice, wato kuɗin mace ɗaya da yara uku. Haƙƙin da zai kama ka a nan yake, tun kafin ka taka jirgi. Nana A'isha ta ruwaito cewa idan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ita zai tafi da ita. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun wajabta ƙuri'ar idan matan ba su yarda da juna ba. Shehu Halilu a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce miji yana da zaɓi, sai a tafiyar Hajji da yaƙi ne zai yi ƙuri'a, domin tafiyar ibada kowa yana kwaɗayinta. To tafiyarka akwai Umra a cikinta, don haka abin da nake gani shi ne kada ka zaɓa da kanka. Ko dai ka tara su ka faɗa musu gaskiyar abin da ke aljihunka, ɗaya ta bar wa 'yar'uwarta da daɗin rai, ko a rubuta sunaye a takarda a sa ƙaramin yaro ya ɗauka a gabansu. Idan ƙuri'a ce ta raba, ba a rama wa wadda ta zauna kwanakin tafiya, amma mutunci ne ka ɗaukar mata alkawarin na gaba, kuma ka cika.

Yara ma haka. Lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da kyauta, Annabi ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Idan ukun da za su tafi duk 'yan ɗaki ɗaya ne, sauran suna tsaye a ƙofar gida suna kallon ana ɗora akwatuna, ka dasa abin da zai iya kaiwa har ranar rabon gado. Ka ɗauki manyan da za su fahimci abin da suka gani, daga ɗakunan biyu, ka gaya wa ƙanana cewa shekaru ne ma'auni.

Game da Hajjin amarya, shari'a ba ta wajabta wa miji biya wa matarsa kujera ba, kuma Umra ba ta sauke farali. Ba zan ce ka yi laifi idan ka yi tafiyar ba. Shawarata dai, idan kuɗin nan zai kai ta Arfa, wannan ya fi. Bashi kuwa ba shawara ba ce: in akwai wanda ya ba ka kaya lokacin biyansa ya yi, ko zakkar dukiyarka ba ta fita ba, tafiyar ta dakata, domin jinkirin mai hali zalunci ne kamar yadda ya zo a hadisi.

Sai batun Fir'auna da Mada'in Salihu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Mada'in Salihu ita ce Hijru, mazaunin Samudawa mutanen Annabi Salihu da Allah ya halaka, kusa da garin Ula, sama da kilomita 300 arewa da Madina. Annabi ya bi ta wurin a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa ya ce kada a shiga wurin waɗannan da aka azabtar sai ana kuka, don kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya lulluɓe kansa, ya hanzarta har ya wuce kwarin. Ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo a rijiyoyinsu, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma, ya ce a ɗebo daga rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha. Masu binciken tarihi suna cewa kaburburan da ake gani sassaƙe a duwatsun yau aikin Nabaɗawa ne da suka zo bayan Samudawa, kuma UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi a 2008. Wannan bai canja hukunci ba, domin ƙasar da Annabi ya hanzarta a cikinta ita ce dai. Shiga don wa'azi da tsoron Allah ya halatta, a taƙaice, ba zama, ba shimfiɗa tabarma a ci abinci, ba dariya a gaban kyamara. Idan ka san tawagar da za ku bi ta shaƙatawa ce da kiɗa da kwana a wurin, ku bar shi, ku ƙara kwanakin a Madina. Uhudu da Ƙuba sun ishi yara darasi.

Dalar Giza da gidajen tarihi na Masar kuwa ba wurin saukar azaba ba ne. A teku aka halaka Fir'auna. Sahabbai sun ci Masar da yaƙi ƙarƙashin Amru ɗan Asi, suka zauna a Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alkahira, dalar tana tsaye a ƙetaren Nilu, suka bar ta. A 2021 an kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa gidan tarihin da ke Fusɗaɗ ɗin, kuma ana shiga a gan su. Akwai malaman da suka hana, suna kiyasi da Hijru, kuma Ibnu Hajar mai sharhin Bukhari ya ce hadisin ya haɗa duk waɗanda halinsu ya zama irin na Samudawa. Abin da na rinjayar shi ne halacci da ladabin da na faɗa, saboda aya ta 92 a Suratu Yunus, inda Allah ya ce zai kuɓutar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya. Ka karanta wa yara ayar kafin ku shiga. Kada kuma ka nuna wata gawa ka rantse cewa ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa, domin Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba. 'Yan gumakan da ake sayar wa baƙi a bakin ƙofa, kada su shigo gidanka.

Ina so kuma ka gaya wa yaran cewa mutanen yankinmu ba baƙi ba ne a Alkahira. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibnu Rashiƙ ta Malikiyya a can, alhazansu da ɗalibansu suna sauka a ciki, kuma a Azhar an yi sashen kwanan ɗaliban Barno. Yaron Garwa ya ji wannan yana tsaye a harabar masallacin Azhar da aka fara ginawa a 970, zai dawo da wani ido ga allonsa.

Aya Sofiya coci ce da aka kammala a 537, ta zama masallaci bayan Sarki Muhammadu al-Fatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a 1934, aka dawo da salla a 2020. Akwai sauran zane-zane a bango. Sallarku a ciki ta inganta.

Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a tafiyar da ta kai baridi huɗu, wato mil 48, wajen kilomita 80. Halilu ya cire mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa zalla, na biyun ƙasaru makaruhi ce gare shi. Taku da ta haɗa Umra da lura da ayoyin Allah ba ta shiga nan ba, sai ku yi ƙasaru da zarar kun fita gine-ginen Garwa. Duk garin da kuka yi niyyar zaman cikakkun kwanaki huɗu, ku cika salla tun daga shigarku, haka nan idan kun bi limamin gari. Ka lura da lokaci a Istanbul: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura, isha ta wuce ƙarfe goma, alfijir kuma yana ketowa wajen uku da rabi. Wanda ya saba da magaribar shida da rabi, ga gajiyar yawo, asuba za ta kuɓuce masa in bai shirya ba. Ka sa agogo, ka gaya wa ɗan jagora tun farko cewa za ku tsaya salla, ka kuma nemi masauki kusa da masallaci, nesa da titunan mashaya.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ne mafi sani.