Ku Tambayi Lauya: Ranar Farko a Gaban Majistare

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An kama ɗana tare da wasu samari bisa zargin fashi da makami. Da aka kai su kotun majistare an karanta musu takarda, ba a tambaye su komai ba, sai alƙali ya ce a kai su gidan gyaran hali har a samu shawara daga ma'aikatar shari'a. An yanke masa hukunci ke nan? Me ya hana a bar shi ya kare kansa? Daga wata uwa a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo mafita. Ba a yanke masa hukunci ba, shari'ar ma ba a fara ta ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kotu.

Majistare ba shi da hurumin sauraron laifin da hukuncinsa kisa ne, irin su fashi da makami da kisan kai. Wannan aikin Babbar Kotun Jiha ne. Shi ya sa bai tambayi ɗanki ko ya amsa ko bai amsa ba. Abin da aka nema a wurinsa izinin ci gaba da tsarewa ne kawai, kafin 'yan sanda su aika fayil zuwa ofishin daraktan gabatar da ƙararraki na jiha. Can lauyoyin gwamnati za su duba ko akwai shaidar da za a iya tsayawa a kanta. In akwai, su shigar da tuhuma a Babbar Kotu. In babu, su ba da shawara a sallame shi, kuma hakan na faruwa, musamman ga waɗanda aka kwasa a samame.

A nan ne mutane suke daɗewa a tsare, domin fayil yakan kwanta a hanya. Wani lokaci mai binciken bai kwafe shi ba, wani lokaci an canza masa wurin aiki, ma'aikatar kuwa ba ta san da maganar ba. Doka ba ta yarda da tsarewa marar iyaka ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yanke kwana 14 a karon farko, ana iya ƙara wasu 14, daga nan kotu ta nemi hukuma ta zo ta faɗi dalilin ci gaba da riƙe mutum. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017, ita ma ta sa wa tsarewar wa'adi.

Don haka Hajiya, a je wurin magatakardan kotu a karɓi lambar shari'ar da ranar da aka ɗage zuwa gare ta. Lauya ya nemi kwafin umarnin tsarewa da na takardar ƙarar 'yan sanda, wadda ake kira FIR, sannan ya tabbatar da ranar da fayil ya shiga ma'aikatar shari'a, ya rubuta takardar tuni in ya jima. Beli a irin wannan zargi sai Babbar Kotu, kuma sai da dalili mai ƙarfi, kamar rashin lafiyar da ba a iya kula da ita a tsare ko jinkirin da ya wuce misali. In babu halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kaduna, kuma aikinta kyauta ne.

Abu guda da ya kamata ki tambayi ɗanki in kin kai ziyara: ya sa hannu a wata takarda a ofishin 'yan sanda? Da wane harshe aka rubuta ta, an kuwa karanta masa? Yana da haƙƙin yin shiru har ya ga lauya. Furucin da aka samu ta hanyar duka ko barazana kotu ba ta karɓarsa a ƙarƙashin dokar shaida ta 2011, amma dole lauya ya ƙalubalance shi a daidai lokacin da aka miƙa wa kotu. In an bari ya shige, gyaran yana da wuya.

TAMBAYA: Ana zargin ƙanena da sayen wayar sata. Wani ya ce masa gara ya amsa laifi a zaman farko ya roƙi sassauci, a ci shi tara ya tafi gida. Haka ne? Daga wani ɗan kasuwa a Tudun Wada.

AMSA: Malam, shawara ce mai haɗari. Wannan laifi majistare yana da hurumi a kansa, saboda haka da zarar ƙanenka ya ce ya amsa, ana iya yanke masa hukunci nan take ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Babu kuma mai tabbatar masa da cewa tara ce za ta biyo baya. Laifin karɓar kayan sata yana buƙatar a nuna mutum ya san na sata ne, ko yana da dalilin zaton haka. Wanda ya saya a shago, a kan farashin kasuwa, da rasit a hannu, yana da abin faɗa. In bai fahimci abin da aka karanta ba, ya ce bai gane ba. Tafinta haƙƙinsa ne kuma ba ya biyan ko kwabo. Yana iya roƙon a ɗage zama ya nemo lauya, ya kuma nemi beli a ranar.

TAMBAYA: An ce mace ba ta tsaya wa mutum beli. Gaskiya ne? Daga wata matar aure a Kawo.

AMSA: Ba gaskiya ba ne, Malama. Dokar 2015 ta hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce. Ki tafi da katin shaida, hotunan fasfo da shaidar adireshin da za a iya zuwa a duba. Ki sani dai in wanda kika tsaya wa ya gudu, kotu za ta nemi ki kawo shi ko ki biya kuɗin da aka rubuta a takardar belin.